Lissafin kumburin haidirojel a zafin Sakkwato

Polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi, da aka fi koyar da jel mai amsa zafi da ita ita ce PNIPAM, kuma tana motsewa ne da zarar zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasashen sanyi wannan lamba ta faɗo tsakanin zafin ɗaki da zafin jikin mutum, shi ya sa suka rungume ta. A Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan wuce 40 da rana, kuma ɗakin gwajin da babu na'urar sanyaya iska yakan wuni sama da 32. Jel ɗin ya riga ya motse tun kafin a zuba masa abin da ake so ya gano. Ɗalibin da ya kwafo lambobi daga takardar da aka yi gwajinta a digiri 25 zai samu zane mai kyau a kwamfuta, jel ɗin da ke kan teburinsa kuma yana yin abin da ya ga dama.

Haidirojel raga ce ta sarƙoƙin polima masu son ruwa, an ƙulla su da juna nan da can ta yadda ba sa narkewa, sai dai su sha ruwa su kumbura. Wichterle da Lím ne suka fito da wanda aka ƙera musamman don jikin mutum a 1960, daga shi aka samu gilashin ido mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Wanda kowa ya taɓa gani shi ne garin da ke cikin kunzugun jarirai na kanti. A tsabtataccen ruwa yana shan ninki ɗaruruwan nauyinsa, amma a ruwa mai gishiri irin na fitsari ko jini abin da yake sha ya tsaya a 'yan gomomi. Idan aka dasa wa irin wannan raga wani sinadari da ke kama gulukos ko furotin, kamun zai sauya yawan ruwan da take riƙewa, sai a auna sauyin ta launi, ko kauri, ko matsi. Wannan shi ne bayosensa ta jel. Tambaya biyu ake yi wa lissafi: a wane girma jel zai tsaya, kuma yaushe zai kai can.

A ganina, kafin a buɗe wata babbar manhaja, a fara rubuta lissafin tsayawar jel a 'yan layukan Python, a auna lambobi biyu da hannu, a sa zafi da gishirin da jel ɗin zai zauna a ciki da gaske. Yawancin ayyukan da ke lalacewa a nan suke lalacewa, ba a kwamfuta ba.

Matsi uku

Tushen lissafin na Flory da Rehner ne, tun 1943, sannan aka ƙara masa daidaiton ayon (ƙwayoyi masu cajin lantarki a ruwa) na Donnan wanda ya girme shi, na 1911. Jel yana daina shan ruwa idan matsi uku suka haɗu suka ba da sifili:

Π₁ = −(RT/V₁)[ln(1−φ) + φ + χφ²]

Π₂ = −νRT[(φ/φ₀)^(1/3) − φ/(2φ₀)]

Π₃ = RT[√(c² + 4s²) − 2s]

R lambar gas ce tsayayya, T kuma zafi a ma'aunin Kelbin. Na farko shi ne son cuɗanyar polima da ruwa. φ kason da polima ta cinye ne a girman jel, V₁ girman mol ɗaya na ruwa, wato santimita kubik 18, χ kuma lambar Flory da Huggins, mai nuna ko sarƙa ta fi son ruwa ko ta fi son 'yar'uwarta. Na biyu shi ne jan da raga ke yi idan an miƙe ta: ν yawan sarƙoƙin da ke tsakanin ƙulli da ƙulli, φ₀ kason polima a ranar da aka haɗa jel. Na uku na ayon ne. c cajin da ke ɗaure a jikin raga, s kuma gishirin ruwan waje, irin gishirin miya mai caji ɗaya kowane ɓangare.

A zafin jiki, digiri 37, RT ya kai kimanin jul 2,578 a kowane mol. Mu ɗauki jel mai caji milimola 50, wato milimol 50 a kowace lita. Idan gishirin waje milimola 1 ne, abin da ke cikin baka ya zama milimola 48, matsin ayon kuma kilofaskal 124. Sa jel ɗin nan a ruwa mai gishirin jini, milimola 150, abin cikin baka ya koma 4.1, matsi ya faɗo kilofaskal 10.7. Babu abin da aka taɓa a jikin jel, amma ƙarfinsa ya ragu ninki goma sha biyu. Idan gishiri ya rinjayi caji, Π₃ yana kusa da RTc²/4s, wato yana bin murabba'in caji ne. Ka riƙe wannan, zai dawo a batun gulukos.

Akwai wani abu da masu farawa kan manta: pH na cikin jel ba shi ne na waje ba. Raga mai cajin debewa (−) tana jawo duk ayon mai caji tabbatacce (+), har da haidirojin, da ninkin Donnan λ = [c + √(c² + 4s²)]/2s. A gishiri milimola 1, λ ya kai 50, don haka cikin jel ya fi waje tsami da pH 1.7. A milimola 150, λ 1.18 ne kawai, bambancin bai kai 0.1 ba. Shi ya sa jel na asid ɗin akrilik, wanda pKa na ƙwayarsa ɗaya, wato pH ɗin da rabin asid ke sakin haidirojin, yake 4.25, yakan yi kamar pKa ɗinsa ya matsa sama sosai a ruwa mara gishiri. Kason da ya saki haidirojin, α = Ka/(Ka + H), inda Ka ƙarfin asid, H kuma yawan haidirojin, da H na ciki ake lissafa shi. Shi kuma c yana raguwa yayin da jel ke kumbura, tunda caji iri ɗaya ne ke bazuwa a girma mafi yawa: c = αc₀φ/φ₀, inda c₀ yawan ƙungiyoyin asid a ranar haɗi. Dole a warware su tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Kalsiyam ya fi wannan tsanani. Cajinsa biyu ne, saboda haka λ² yake bi. A ruwa mara gishiri sosai, inda λ ke kusa da 50, lissafi na nuna zai taru a cikin jel ninki 2,500, ya kori sodiyam, ya haɗa sarƙoƙi biyu-biyu, jel ya motse ya yi fari. Mu da muke zaune a kan farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina don siminti bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Wanke jel ko kwalba da ruwan rijiyar burtsatse ya isa ya ɓata gwajin mako guda. Ko a jini ma akwai kalsiyam a sake kusan milimola 1.2, kuma ruwan PBS da aka saba gwaji da shi, mai sodiyam kuloraid milimola 137 da fosfet kusan 12, babu kalsiyam a cikinsa ko kaɗan.

Lambobi biyu da ba a arowa

χ na poliakrilamaid yana wajen 0.48, dab da rabi, kuma a nan gizo ke saƙa. A jel mai ruwa da yawa, Π₁ ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin χ da 0.5. RT/V₁ megafaskal 143 ne. Idan φ = 0.05, χ = 0.48 yana ba da kilofaskal 13.4, χ = 0.49 kuma 9.8. Sauyin 0.01 ya cinye rubu'in matsin. Kuma χ ba lamba ce tsayayya ba. Tana sauyawa da zafi, da φ, da gishiri, da duk wata ƙwayar da ka ƙara wa sarƙa. A PNIPAM, sauyawarta da zafi da φ shi ne sanadin motsewar gaba ɗaya. Irin wannan faɗuwar girma farat ɗaya Toyoichi Tanaka ya fara nunawa a 1978, da jel na akrilamaid a gaurayen asiton da ruwa.

ν kuwa jarabar da ke tattare da shi ita ce a ƙirga shi daga abin da aka zuba a kwalba. Ɗauki akrilamaid giram 10 a mililita 100, wato mola 1.4, da sinadarin ƙulli MBA kashi 1 cikin 100 na mol, milimola 14. Kowane ƙulli yana haifar da sarƙa biyu, ν ya zama mol 28 a mita kubik, taurin G = νRT kuma kusan kilofaskal 70. Ka auna irin wannan jel, galibi bai wuce kilofaskal 10 ba. MBA yana saurin shiga sarƙa fiye da akrilamaid, sai ya taru wuri ɗaya. Wani ya naɗe ya ƙulla sarƙa da kanta, wani ya bar jela a sake. Duk waɗannan ba sa ja.

Don haka tsarin shi ne a auna G da farko. Ba lallai sai da na'ura mai tsada ba. A yanka jel kamar ƙwandala, a ɗora masa nauyi sananne kaɗan-kaɗan, a auna raguwar kauri, kada matsewar ta wuce kashi 10 cikin 100, a jiƙa saman faranti don kada ya manne, a karanta nan take kafin ruwa ya fara tsiyaya. Raba taurin da aka samu da 3, G ke nan. Daga G a ciro ν, a tuna da gyaran (φ/φ₀)^(1/3) idan a kumbure aka auna. Sannan a auna φ a yanayin da caji ya mutu, misali pH 2 ga jel na asid, a ciro χ daga Π₁ + Π₂ = 0. A maimaita a digiri 25, da 37, da 42. Sai bayan wannan a kunna Π₃, a ga ko lissafi zai faɗi sakamakon pH 7.4 ba tare da an sake murɗa masa komai ba. Wanda ya bar χ da ν da pKa duka a sake ya ce kwamfuta ta nemo su daga layin kumburi ɗaya zai samu layi ya hau kan ɗigogi daidai, amma lambobin ba za su yi aiki a gwaji na gaba ba, domin ƙarin χ da ragin ν suna rufa wa juna asiri.

φ daga sikeli ake samunsa: φ = 1/[1 + ρ(Q − 1)], inda Q nauyin jiƙaƙƙe bisa na busasshe, ρ kuma nauyin polima idan aka gwada da ruwa, wajen 1.35 ga poliakrilamaid. Q = 15 yana ba da φ = 0.05.

Gulukos

Mai ciwon sukari shi ne wanda aka fi yi wa wannan aiki, kuma iyakokin sanannu ne ga duk wanda ya taɓa karɓar takardar gwaji a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: jinin mai lafiya kafin karin kumallo yana tsakanin milimola 3.9 da 5.5, daga 7.0 zuwa sama ana maganar ciwo, a mara lafiya kuma yakan haura 20. Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko asid ɗin fenilboronik ne. Yana da siffa biyu, mara caji da mai caji, kuma gulukos mai cajin yake kamawa, sai ya janyo daidaito zuwa can. Idan r = Ka/H, K kuma ƙarfin kamu, G a nan yawan gulukos, to α = r(1 + KG)/[1 + r(1 + KG)]. Mu ɗauki pKa 8.6, pH 7.4, K na 110 a kowane mola, da boron milimola 100 a jel. Babu gulukos, α kashi 6 ne cikin 100. A milimola 5 ya zama 8.9, a milimola 20 ya zama 16.8. Caji ya kusan ninka, abin ya yi kyau a ido. Amma sa shi a RTc²/4s da gishirin jini: kilofaskal 0.34 ya koma 1.21. Duk tazarar da ke tsakanin mai lafiya da wanda sukarinsa ya hau bai kai kilofaskal ɗaya ba, alhali sauyin χ na 0.01 yana kawo 3.6. Idan an gina ragar da PNIPAM, bambancin zafin hantsi da na azahar a watan Afrilu ya ishe shi ya binne saƙon gulukos baki ɗaya.

Daga wannan lissafi shawara uku ke fita kai tsaye. A gina raga da akrilamaid, wanda χ ɗinsa bai cika damuwa da zafi ba. A zaɓi boron da aka ƙara wa fulorin don pKa ya sauko kusa da 7. A kuma ajiye jel na biyu a gefe, iri ɗaya amma mara boron, a riƙa cire nasa sakamakon daga na farko.

Akwai kuma wata hanyar da gishiri ba ya kashewa. Ƙwayar gulukos ɗaya tana iya kama boron biyu daga sarƙoƙi daban, ta zama sabon ƙulli. A nan ν ne ke ƙaruwa, jel ya motse maimakon ya kumbura. Sai dai idan gulukos ya yi yawa kowane boron ya samu nasa, ƙullin ya warware, jel ya sake kumbura. Girma ɗaya zai iya nufin sukari biyu mabambanta. Lissafin da bai ƙunshi kamun ɗaya-da-ɗaya da na ɗaya-da-biyu tare ba ba zai hango wannan juyi ba. Furuktos ya fi gulukos kama boron ninki gomomi, amma ba ya yin wannan ƙulli sosai, wanda shi ma dalili ne na son hanyar.

Hanya ta biyu ta enzayim ce, gulukos oksides, wanda Clark da Lyons suka fara tunanin sa shi a na'urar awo a 1962. Yana mayar da gulukos asid ɗin gulukonik, pH na cikin jel ya sauka, jel mai amin ya kumbura, mai asid ya motse. Matsalarsa oksijin ce. Kowane gulukos yana cin oksijin ɗaya, ruwan da ya ƙoshi da iska a digiri 37 kuma milimola 0.21 kawai yake riƙewa, abin da gulukos ya ninka fiye da sau ashirin, a cikin nama ma oksijin bai kai haka ba. Lissafin saurin enzayim dole ya ƙunshi su biyun, v = V/(1 + K₁/G + K₂/O), inda V iyakar saurinsa, O yawan oksijin, K₁ da K₂ lambobin enzayim ɗin, in ba haka ba zai nuna saƙo yana ta hawa har milimola 30, jel na gaske kuwa ya tsaya tun da wuri. Ƙarin katales yana mayar da rabin oksijin, yana kuma kawar da haidirojin feroksaid da ke kashe enzayim ɗin. A sa baikabonet ɗin jini a lissafi, kusan milimola 24, domin shi ke shanye tsamin da ake dogaro da shi.

Lokaci

Tanaka da Fillmore suka nuna a 1979 cewa lokacin kumburin dunƙulen jel τ = a²/π²D ne, inda a rabin faɗinsa bayan ya gama kumbura, D kuma saurin bazuwar ragar kanta, wajen 3 × 10⁻⁷ santimita murabba'i a daƙiƙa ga poliakrilamaid. a na milimita 1 yana ba da minti 56. Maikromita 100, daƙiƙa 34. Maikromita 10, sulusin daƙiƙa. Babu wani sinadari da zai yi maka abin da siranta jel zai yi. Shimfiɗar da aka manna wa gilashi, ruwa na shiga ta fuska ɗaya, τ = 4L²/π²D ne, L kaurinta, daƙiƙa 135 ga kaurin maikromita 100.

D yana bin kaurin ruwa: idan kauri ya ƙaru, D ya ragu. A digiri 15, irin asubar hunturu, kaurin ruwa 1.14 ne, a 25 ya zama 0.89, a 40 kuma 0.65. Gwajin Janairu da na Afrilu za su iya bambanta da ninki 1.7 saboda wannan kaɗai.

Amma ba kullum raga ce mai jan ƙafa ba. Haidirojin ya fi kowane ayon gudu a ruwa, 9.3 × 10⁻⁵, sai dai a cikin jel kowace ƙungiyar asid tana tare shi, kamar motar haya da ke tsayawa a kowane ƙauye tsakanin Sakkwato da Illela. Saurinsa na zahiri D/[1 + c₀Ka/(Ka + H)²] ne. Ga c₀ na milimola 50 da pH daidai da pKa na 5, mai rabawa ya kai 1,250, sauri ya koma 7 × 10⁻⁸, ƙasa da na raga. Bofa, wato sinadarin da ke riƙe pH a wuri ɗaya, tana gyara wannan, domin ƙwayoyinta suna ɗauke da haidirojin su shiga da shi, kuma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa jel ɗaya a pH ɗaya yakan yi sauri a bofa mai ƙarfi ya yi nawa a mai rauni. Kafin a rubuta lissafin lokaci, a ƙiyasta L²/D na gulukos, wanda D ɗinsa a ruwa 6.7 × 10⁻⁶ ne, da na haidirojin, da na raga, a ga wanne ya fi jinkiri. Shi kaɗai ya cancanci a yi masa cikakken lissafi da farko. Ga manyan ƙwayoyi irin su furotin, waɗanda faɗinsu ya kusa da idon raga, bazuwar ƙwayar ce ke mulki, kuma tana sauyawa yayin da idon ke buɗewa.

Jel da aka ɗaure

Lissafin Π₂ da ke sama na jel ne mai yawo a ruwa, yana kumbura ta kowane ɓangare daidai. Jel na cikin na'ura kusan kullum a manne yake ko a rufe. Wanda aka manna ba ya iya faɗaɗa, sai dai ya yi kauri, jimillar ruwan da yake sha kuma bai kai na sakakke ba. A nan miƙewa ta fuska ɗaya ce, daidai da φ₀/φ, ba tushenta na uku ba. Idan matsewar gefe da mannewa ta jawo ta kai kusan sulusi, fuskar jel tana yamutsewa ta yi tsaga-tsaga, ko ta ɓanɓare daga gilashin. Gilashin da ba a shafa wa silen mai metakrilet ba ba ya riƙe jel.

A na'urar matsi, irin wadda aka yi aiki a kanta a jami'o'in Dresden a Jamus da Utah a Amurka, ana kulle jel tsakanin matata mai barin ruwa ya wuce da siririn faifan silikon. φ kusan ba ya motsi, abin da ake karantawa shi ne jimillar matsin uku. Wannan ya fi sauƙin lissafi, muddin jel ya cika ramin tun farko. Idan akwai sarari, zai fara cike shi ba tare da faifan ya ji komai ba.

A na'urar launi ta Holtz da Asher, 1997, an jera ƙananan ƙwallaye a cikin jel, tazararsu ke zaɓar launin da ke dawowa: tsawon zangon haske = 2nd idan an duba daga sama, inda n lambar karyewar haske a jel, d kuma tazarar. Da n na 1.33, koren nanomita 550 yana buƙatar d na 207. Miƙewar kashi 10 cikin 100 tana kai shi 605, ruwan lemo, kuma a jel sakakke wannan ƙarin girma ne na kashi 33. Kyamarar waya tana iya karanta shi, idan an tsayar da haske da kusurwa a cikin akwati rufaffe.

A kwamfuta

Lissafin tsayawa neman saiwa ce ta lamba ɗaya. Aikin brentq na SciPy, tarin kayan lissafi na Python, ya wadatar, a ba shi iyaka tsakanin 0.0001 da 0.99 don kada ln(1−φ) ya fashe. Amma a fara zana jimillar matsin a kan φ a duba da ido. Kusa da wurin motsewa layin yana ƙetare sifili sau uku, na tsakiya ba ya zama, sauran biyun kuma su ne dalilin da ya sa hanyar kumbura da ta motsewa ba sa haɗuwa. A bi saiwar daga mataki zuwa mataki, sau ɗaya ana hawa, sau ɗaya ana sauka.

Masu son cikakken lissafin motsin ayon na Poisson da Nernst da Planck su duba tsawon Debye tukuna, wato nisan da tasirin caji ke kaiwa a ruwan gishiri. A gishirin jini nanomita 0.8 ne, jel kuma maikromita 100, tazarar da ta wuce ninki dubu ɗari. Ragar lissafin da za ta ga duka biyun za ta cinye kwamfuta a banza. A ɗauka caji a daidaice yake a ko'ina cikin jel, a sa tsallen Donnan a baki, sakamakon kumburi zai fito iri ɗaya.

Idan siffa ta wuce shimfiɗa ko dunƙule, nazariyyar Hong da Zhao da Zhou da Suo ta 2008 ita ce aka fi ginawa a kai, a manhajar COMSOL ko Abaqus, ko FEniCS da ke kyauta. Abu uku ke karya ta. Farawa daga busasshen jel, inda lissafin ke tafiya mara iyaka, maimakon daga φ₀. Ba wa motsi da ƙarfin sinadarin ruwa daraja ɗaya, abin da ke haifar da rawar lambobi a farkon lokaci, maganinsa daraja ta biyu ga motsi, ta ɗaya ga ɗayan. Sai sauya ruwan waje farat ɗaya, maimakon a ɗaga shi a hankali cikin ɗan gajeren lokaci, da matakan lokaci ƙanana da farko suna girma daga baya.

A teburin gwaji

Ga mililita 10 na haɗi, maikrolita 100 na APS mai kashi 10 da maikrolita 10 na TEMED, sinadarai biyu masu tayar da haɗuwar sarƙa, shi ne abin da aka saba. APS sabo ake haɗawa. Oksijin yana hana sarƙa tsiro, a busa naitirojin na minti 10 zuwa 15, a zuba tsakanin gilashi biyu da mataki mai kauri sananne. A haɗi mai tsami TEMED ba ya aiki, sai an rage tsamin asid ɗin akrilik da sodiyam haidiroksaid. Akrilamaid kafin ya zama jel guba ne ga jijiya, safar hannu dole ce. A zafin bazara haɗin yana kamawa da sauri yana kuma ƙara wa kansa zafi, ƙulli ya taru wuri-wuri, ν ya bambanta daga kwano zuwa kwano. A sanyaya shi a ƙanƙara kafin a sa TEMED. PNIPAM da aka haɗa sama da digiri 32 fari yake fitowa kamar nono, ƙirarsa ta ciki daban ce, kuma sanyaya shi daga baya ba ya gyara ta.

Da hunturu, lokacin da iska ke bushe ƙarau, siririn jel yana rasa nauyi a kan sikeli kana kallo. A auna shi a cikin kwalba mai murfi, ko a bar shi a ruwa a ɗauki hoton faɗinsa kusa da rula a auna da manhajar ImageJ. Ruwan jiƙo ya ninka jel aƙalla sau ɗari, a sauya shi har pH ya daina motsi, tunda jel ɗin da kansa bofa ne. Ruwa mara bofa yana shan iskar kabon daioksaid ya sauko wajen pH 5.6. A guji bofar Tris: pH ɗinta yana sauka kusan 0.03 a kowane digiri, wato sulusin pH tsakanin 25 da 37, kuma tana kama boron.

Garin gulukos da aka narkar yanzu siffar alfa ce, sai ya kwana kafin ya daidaita a kashi 36 alfa da 64 beta, gulukos oksides kuma beta kaɗai yake ci. A firij zai kwana, domin a zafinmu ƙwayoyin cuta suna cin rabonsu kafin safiya. Sodiyam azaid yana hana su, amma yana kashe katales. Enzayim ɗin kansa tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, kuma duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a sake auna V kafin a sa tsohuwar lamba a lissafi.